Wa zai faɗa wa alƙali halin da ƙasarka take ciki?

Maman Sadik: Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar neman mafaka. Muna da dangi a Sudan, zuriyar ƙanin kakanmu da ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba. Akwai wani yaro a cikinsu, haifaffen Damazin ta jihar Bulu Nil, uwarsa da ubansa duk can aka haife su. Rikicin 2022 ya raba su da gida, da yaƙin 2023 ya ɓarke sai ya bi ta Libiya har Allah ya kai shi wata ƙasa a Turai. Yanzu an ƙi karɓar buƙatarsa. Dalilin da aka rubuta masa shi ne ba a gamsu cewa ɗan Sudan ba ne, tunda da Hausa ya nemi a yi masa tafinta, wai ya fi kama da mutumin Najeriya ko Nijar. Lauyarsa ta ce za a ɗaukaka ƙara, amma sai an samo rahoton wani masani kan halin ƙasar. Mene ne wannan rahoton? Wa ke rubuta shi? Kuma anya ba wata hanyar tatsar kuɗin bayin Allah ba ce?

Barista Baban Ilham: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo masa mafita. Ni a tsarin Ingila nake aiki, da shi zan yi miki misali, amma gindin maganar kusan ɗaya ne a ƙasashen Turai.

Mai neman mafaka abu biyu yake kai wa gaban alƙali. Na farko labarinsa: wane ne shi, me ya same shi. Na biyu halin ƙasarsa: in aka mayar da shi yau, me zai tarar. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda yake wajen ƙasarsa kuma yake da tsoro mai tushe cewa za a gallaza masa saboda ƙabilarsa ko launin fatarsa, ko addininsa, ko asalin ƙasarsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko don yana cikin wani rukuni na jama'a. To alƙalin da ke zaune a Manchester bai taɓa taka Damazin ba. Abin da ke gabansa takardu ne. Gwamnati tana da nata bayanan da Ma'aikatar Cikin Gida ke wallafawa kan ƙasashe da dama. In waɗannan bayanan ba su taɓo matsalar mutum ba, ko sun taɓo ta a gurguje, sai lauya ya nemi wanda ya san wurin ciki da bai: malamin jami'a, ko tsohon ɗan jarida, ko wanda ya daɗe yana aikin kare haƙƙin ɗan Adam a yankin. Ana aika masa da takardar hirar da aka yi da yaron, da wasiƙar ƙin karɓa, da tambayoyi a rubuce. Shi kuma ya amsa, kowace magana da madogararta.

Ba damfara ba ce. A nan, in mutum ya cancanci tallafin shari'a na gwamnati, daga nan ake biyan masanin. Ku tambayi lauyar ko akwai irin wannan a inda yake.

Amma ina da tambaya guda mai muhimmanci: a cikin iyayensa akwai wanda ya taɓa riƙe fasfo ko wata takardar zama ɗan Najeriya? Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya ya ba wanda aka haifa a waje damar zama ɗan ƙasa in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne. In mutum yana da ƙasa biyu, dole ya nuna dukansu ba za su iya kare shi ba.

Maman Sadik: Babu ko ɗaya, Barista. Ubansa ma bai taɓa zuwa Najeriya ba. Zumunci ne kawai muke yi ta waya.

Dakta Uwani: Hajiya, irin wannan aikin ina yin sa, kuma matsalar yaron nan tana cikin waɗanda suka fi ba ni takaici, don jahilcin tarihi ne zalla. Hausawan Sudan ba baƙin jiya ba ne. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutanenmu a can. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka zauna a bakin kogin Bulu Nil kusa da Sinnar, garin yana nan da sunan Mai Wurno. Daga baya noman auduga na Jazira ya ja ƙarin mutane. Yau akwai Hausawa a Gadarif, Kasala, Sinnar, Wad Madani, Damazin, har Fot Sudan. Wasunsu sun kai zuriya ta huɗu ko ta biyar.

Rikicin da kika ambata kuwa a rubuce yake. A watan Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a jihar Bulu Nil tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, tushensa maganar ƙasa da neman da Hausawa suka yi na samun masarautar gargajiya tasu. An kashe mutum sama da 100, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Khartum da wasu garuruwa. A watan Oktoba ya sake tashi a yankin Wad al-Mahi, ɓarnar ta fi ta farko.

Abin da masani zai yi shi ne ya shimfiɗa wa alƙali wannan, sannan ya ɗauki amsoshin yaron ɗaya bayan ɗaya. Ya ambaci unguwarsu? Akwai ta? Ya san madatsar ruwan Rusairis da yadda ake tsallakawa daga Damazin zuwa can? Makarantar da ya ce ya yi, tsarinta ya dace da na Sudan? Larabcin da ke bakinsa na Sudan ne? Yaron da ya tashi a Kano ko Maraɗi ba zai iya amsa waɗannan ba komai haddarsa. Abin da masani ba zai rubuta ba shi ne "wannan yaro gaskiya yake faɗa". Wannan hukuncin alƙali ne. Iyakar abin da zan ce: labarinsa ya dace da abin da aka sani game da wurin, ko bai dace ba.

Abu Hanif: Ku yi mini haƙuri, ni dai ban yarda da wannan harka ba. Ba ina maganar yaron Hajiya ba, Allah ya fid da shi. Amma kowa a nan ya san ana sayar da labari. Mutum ya tashi daga gidansu lafiya lau, ya je Turai ya ce Boko Haram ta kashe iyayensa, alhali ko Maiduguri bai taɓa gani ba. Sai kuma a samo wani Bature da ya yi wata shida a Afirka, a biya shi, ya rubuta cewa ƙasarmu ba ta zaunuwa. Dakta, da girmanki, wanda ya biya ki ai shi za ki yi wa aiki. Kuma duk rahoton da aka rubuta, sunan ƙasarmu ne ake shafa wa baƙin fenti.

Dakta Uwani: Malam Abu Hanif, rabin maganarka gaskiya ce. Ana sayar da labari, kuma waɗanda suka fi cutuwa da hakan su ne masu gaskiya, don alƙalin da ya ji labari iri ɗaya sau da yawa zuciyarsa takan bushe. Amma ka duba wa ke kama maƙaryacin. Wanda ya ce shi ɗan Gwoza ne amma bai san ana ganin dutse daga cikin gari ba, bai iya ambaton ƙabila ko ɗaya ta yankin ba, bai san Pulka ba, jami'in da ke Turai ba lallai ya gane ba. Wanda ya san wurin shi ke ganewa. Nakan mayar wa lauya da takardu in ce abin da ke cikin wannan hira bai dace da garin da aka ambata ba, in na rubuta haka zan rubuta. Yawanci daga nan ba na sake jin ɗuriyarsu.

Batun kuɗi kuwa, akwai abin da ke ɗaure masani fiye da kuɗin rahoto ɗaya. Hukunce-hukuncen babbar kotun shige da fice ana wallafa su da sunan masanin a ciki. In alƙali ya rubuta cewa wane ya zama ɗan kamfen, ya ɓoye abin da bai yi wa mai ƙara daɗi ba, lauyoyin gwamnati za su riƙa ɗauko wannan hukuncin duk inda ya sake bayyana. Shi ke nan an gama da shi.

Barista Baban Ilham: In ƙara a kan ta Dakta: a ƙa'idar kotunan nan, masani sai ya sa hannu cewa nauyin da ke kansa na kotu ne, kuma ya rinjayi duk wani nauyi na wanda ya biya shi. Dole ya faɗi tambayoyin da aka ba shi, ya faɗi abin da ya saɓa wa ra'ayinsa, ya ce "wannan ba fannina ba ne" in an fita daga fanninsa.

Sannan Malam Abu Hanif, kana magana kamar ɓangare ɗaya ne kawai ke da buƙata. Gwamnati ma tana da buƙata, ita ce rage yawan waɗanda ake karɓa. Bari in ba ka abin da ya faru da mutanen Iritiriya. A watan Nuwamban 2014 hukumar shige da fice ta Denmak ta fitar da rahoto bayan ziyarar da jami'anta suka kai ƙasar, wanda ya nuna kamar wanda ya gudu daga bautar ƙasa zai iya komawa lafiya in ya biya harajin kashi 2 cikin 100 ya sa hannu a takardar nadama. Farfesa Gaim Kibreab, masani ɗan asalin Iritiriya da ke koyarwa a Landan a lokacin, wanda aka dogara da maganarsa a rahoton, ya fito fili ya ce an karkatar da abin da ya faɗa, ya janye sunansa. Duk da haka a watan Maris na 2015 Birtaniya ta kafa sabuwar manufarta a kan wannan rahoto, yawan 'yan Iritiriya da ake karɓa ya faɗi warwas. Sai a 2016 babbar kotun shige da fice ta zauna, ta saurari masana, ta ce haɗarin yana nan daram. A tsakanin nan mutane nawa aka ce wa ku koma? In babu masu sani a wajen gwamnati, wa zai tsaya ya ce wannan takarda ba daidai ba ce?

Ko maganar Ruwanda. A ranar 15 ga Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce shirin tura masu neman mafaka can ya saɓa wa doka, kuma shaidar da ta fi yin nauyi ita ce ta UNHCR, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kan yadda tsarin mafakar Ruwanda yake aiki a zahiri, ba yadda yake a takarda ba.

Abu Hanif: Na ji wannan, Barista. Amma ba ku amsa mini batun sunan ƙasa ba.

Baba Na Gwoza: Ni zan amsa maka, ɗana. A watan Agustan 2014 aka ci garinmu. Da ƙafa muka hau dutse, da ƙafa muka sauka Kamaru. Na zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao. Ba wanda ya rubuta rahoto ne ya ɓata sunan ƙasa ba. Wanda ya ƙone gari da wanda ya kasa tsare shi, su suka ɓata. A 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta cewa sojojin Kamaru sun tasa ƙeyar 'yan Najeriya aƙalla 100,000 zuwa gida da ƙarfi tun daga 2015. Mu mun ga motocin da idonmu. Da ba a rubuta ba, yau sai a ce ba a yi ba.

Amma ni ma ina da tambaya ga Barista. Yaranmu da suka kai Turai, ba a cewa ƙarya suke yi. Ana cewa mun yarda an kore ka daga Gwoza, amma Najeriya babba ce, ka koma Legas ko Abuja. Wannan wace irin magana ce?

Barista Baban Ilham: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan ita ce ƙofar da aka fi rufe wa 'yan Najeriya. A doka, in akwai wani yanki a ƙasarka da za ka zauna ba tare da haɗari ba, kuma komawa can ba za ta zama tsanani marar misali a kanka ba, to ba a ɗauke ka ɗan gudun hijira. Babbar kotun Birtaniya ta fayyace wannan a shari'ar Januzi a 2006. Ƙari a kan haka, dokar nan ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake ɗauka lafiya lau ne ga maza, haka ma Ghana. Ga namiji ɗan Najeriya, tudun yana da tsawo tun kafin ya buɗe baki.

A nan ne aikin masani ya fi amfani, kuma a nan ne ya fi wuya. Ba zai ce Legas ba ta zaunuwa ba, don ƙarya ce, miliyoyin 'yan Arewa suna neman abinci a Kudu. Abin da zai amsa shi ne: wannan mutumin, da shekarunsa, da lafiyarsa, da iliminsa, ba shi da kowa a can, yaya zai yi? Mai gida yana neman kuɗin hayar shekara guda a dunƙule da wanda zai tsaya masa. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma tana tsaya wa mutum a neman aikin gwamnati da gurbin karatu. Wanda ya ce daga Borno yake, wane kallo ake yi masa? A watan Yunin 2014 sojoji sun tare matafiya 'yan Arewa 486 a jihar Abiya bisa zargin Boko Haram. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa gida. Lauyan gwamnati zai ce waɗannan tsiraru ne idan aka kwatanta da yawan masu zirga-zirga kullum, kuma alƙali zai saurare shi. Saurayi lafiyayye mai sana'a a hannu da wuya ya ci wannan gardama. Bazawara mai yara uku da ba ta jin Turanci, ko mai taɓin hankali sakamakon abin da ya gani, maganarsu daban ce.

Kuma amsar tana canzawa da lokaci. A 2007 babbar kotun nan ta amince a iya mayar da mutanen Darfur su zauna a Khartum. A watan Mayun 2008 'yan tawayen Darfur na ƙungiyar JEM suka kai hari Umdurman, aka bi 'yan Darfur da kame a babban birnin. A 2009 kotu ta kafa sabon hukunci cewa ɗan Darfur da ba Balarabe ba yana cikin haɗari kuma ba a cewa ya koma wani yanki na Sudan. Doka ba ta canza ba. Abin da aka sani game da ƙasar ne ya canza.

Baba Na Gwoza: To Allah ya kyauta. Mu da muke cikin ƙasar ma, a ƙarshen 2021 aka rufe sansanin Bakasi a Maiduguri aka ce kowa ya koma. Wanda ke Turai yana da alƙali. Wanda ke Maiduguri wa zai kai wa ƙara?

Malam Tafinta Damagaram: Salamu alaikum. Ni aikina tafinta, kuma ina so in koma kan yaron Hajiya, don akwai abin da ba a taɓo ba. Wasu ƙasashe suna yin gwajin harshe. A naɗi muryar mutum na ɗan lokaci, a aika wa wani kamfani, wani ya saurara ya ce wannan Hausar ta wuri kaza ce. Ku tambayi lauyar ko an yi wa yaron haka. In an yi, a nemi kwafin sautin da na rahoton.

Mu da muke kan iyaka mun san raunin abin. Mutumin Maraɗi da na Jibiya, wa zai raba su da kunne? Na Birnin Ƙonni da na Illela fa? Harshe yana nuna cikin waɗanda ka tashi, ba ya nuna fasfon da ke aljihunka. Masana harshe sun fitar da ƙa'idoji tun 2004 suna faɗin haka. Kuma a 2014 Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba rahotannin kamfanin Sprakab na Suwidin a shari'ar wasu da suka ce daga Somaliya suke, ta ja kunnen alƙalai kada su karɓi irin wannan rahoto ido rufe, musamman inda mai sauraren murya ya wuce maganar harshe ya shiga yanke hukunci kan ko mutum ya san ƙasarsa.

Abu na biyu kwanan wata. Jami'i yana so a ce ranar kaza ga watan kaza. Mutanenmu ba haka suke riƙe lokaci ba. Za ka ji an ce "ana cikin damina" ko "bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, naman layya bai ƙare ba". In aka matsa wa mutum sai ya jefo wata rana don a rabu da shi, a hira ta biyu ya jefo wata, sai a rubuta cewa maganarsa tana karo da juna. Alhali in yaron nan ya ce an afka musu 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah ta 2022, ya faɗi daidai, don Sallar ta faɗo wajen 9 ga Yuli, faɗan kuma ya biyo baya a makon da ke tafe. Wanda ya san kalandar mutanen shi zai nuna wa alƙali haka. Hajiya, ki gaya masa abin da bai riƙe ba ya ce bai riƙe ba.

Maman Sadik: Na gode Malam. Zan tura masa wannan yanzu. Ya ce an naɗi muryarsa ta waya.

Barista Baban Ilham: To lallai lauyar ta nemi sautin, kuma ta duba ko za a samu masanin harshe daban da masanin ƙasa, don aiki biyu ne. Ku kula da wa'adi. A nan kwana 14 ne kacal na shigar da ɗaukaka ƙara, kowace ƙasa da nata. A shigar da ƙarar tukuna, rahoto ya biyo baya. Kuma in 'yan'uwa za su turo takardu daga Sudan, katin makaranta, takardar haihuwa, lambar ɗan ƙasa ta uba, a turo na gaske kawai, a ajiye ambulan da aka aiko su a ciki. Takardar jabu guda ɗaya tana iya rusa shari'ar da ke tsaye da ƙafarta. In babu, a ce babu, masani zai bayyana dalilin da ya sa wanda ya gudu daga gidan da ke ci da wuta ba ya fitowa da fayil.

Abu Hanif: Baba, na ji maganarka kuma ta shige ni. Amma har yanzu akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Me ya sa sai baƙo ne zai zama masanin ƙasarmu? Jami'o'inmu cike suke da malamai. Wanda aka haifa a Gusau bai fi wanda ya karanta Zamfara a littafi sanin Zamfara ba?

Dakta Uwani: A wannan kam muna tare, Malam, amma ba duka ba. Haihuwa a wuri ba ta isa. Alƙali zai tambaye ka yaushe rabonka da wurin, me ka wallafa, da wa ka yi magana, ina hujjar. Ɗan gari yakan ce "ai kowa ya sani", kotu kuwa ba ta karɓar wannan. Sannan ɗan gari yana da dangi a can. Malamin da zai rubuta da sunansa yadda jami'an tsaro ke tsare mutane ba shari'a, yana tunanin aikinsa da iyalinsa. Wannan tsoron gaskiya ne, ba na ganin laifin wanda ya ja baya.

Amma babban ciwon ba na masana ba ne, na rubutu ne. Rumbunan da alƙalai da lauyoyi ke dubawa, irin su Refworld na UNHCR da ecoi.net da ƙungiyar Red Cross ta Ostiriya ke kula da shi, da rahotannin hukumar mafaka ta Tarayyar Turai, galibi abin da aka wallafa da Turanci ko Faransanci ko Jamusanci suke tattarawa. Harin da aka kai ƙauye a Sabon Birni ko Zurmi, sau da yawa inda kawai za ka same shi shi ne labaran rediyon Hausa na safe, ko saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsallakawa jihar Maraɗi da dubbansu, amma ka nemi sunan ƙauyen mutum guda a rubuce, sai ka wuni ba ka samu ba. Nakan zauna in saurari tsofaffin shirye-shiryen rediyo, in rubuta abin da wakili ya faɗa, in fassara, in sa ranar da aka watsa, don kawai in nuna cewa ƙauyen da mutum ya ambata akwai shi kuma an kai masa hari a watan da ya ce. In ban samu ba, sai lauyan gwamnati ya miƙe ya ce babu wata majiya da ta tabbatar.

Yaya Ɗan Jarida: Dakta, wannan ta shafe mu kai tsaye. Sau da yawa da gangan muke cire sunan ƙauye, don mutanen da suka ba mu labari suna tsoron a dawo musu. Mai garin da ya yi magana da rediyo yau, gobe 'yan bindiga sun san shi ne. Wani lokacin kuma hukuma ce za ta kira ta ce ka zuzuta. To wanne za mu ɗauka, kare wanda ke ƙauyen yanzu ko taimakon wanda zai tsaya gaban alƙali bayan shekara uku?

Dakta Uwani: Wanda ke ƙauyen shi ne farko, Yaya, babu ja. Ba na neman sunan mai magana. Sunan ƙaramar hukuma da gunduma da ranar da abin ya faru sun ishe ni, kuma a sa labarin a shafin intanet a rubuce, kada ya tsaya a iska. In sunan ƙauyen ba ya fituwa, ku ajiye shi a kundinku na ofis. Kotu tana karɓar bayanin majiyar da aka ɓoye sunanta in masani ya faɗi irin majiyar da dalilin ɓoyewa, sai dai nauyinsa bai kai na wanda aka wallafa ba.

Abu Hanif: In haka ne, ni abin da zan so gani shi ne sassan koyar da shari'a da tarihi na jami'o'inmu su riƙa tattara wannan da kansu, a ajiye a gida, ba sai an jira wata ƙungiya daga waje ta zo ta ƙirga mana gawarwakinmu ba. Har yanzu ina kan bakata cewa akwai masu cin abinci da wahalar mutane a wannan harka.

Barista Baban Ilham: Akwai su, Malam, kuma mafi yawansu ba masana ba ne, 'yan tsakiya ne da ke kiran kansu masu ba da shawara. A Birtaniya laifi ne mutum ya ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a ba tare da rajista ba. Duk wanda ya ce zai rubuta maka labari, ko ya ce yana da masanin da zai sa hannu a kan komai, ka nemi lambar rajistarsa ka duba ta a shafin hukumar da ke sa ido kafin ka ba shi ko kwabo.

Baba Na Gwoza: Dakta, in ana neman wanda zai faɗi sunayen ƙauyukan bayan dutse da watan da aka ci kowanne, mu muna nan da rai, kuma muna riƙe da su. Ki turo ɗalibanki su zo da abin naɗar magana.